Superman: Tarihin gwarzon da masu shi suka sayar a kan dala 130

A ranar 1 ga watan Maris na shekarar 1938, wani kamfanin buga mujallu da ke birnin New York ya rubuta wa wasu samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, cakin kuɗi na dala 412. Mafi yawan kuɗin ladan wasu ayyuka ne da suka riga suka yi wa kamfanin. Dala 130 daga ciki kuwa kuɗin wani sabon labarin zane ne mai shafi 13, wato dala 10 a kan kowane shafi, kuma a takardar da suka sa wa hannu sun sallama wa kamfanin mallakar gwarzon labarin gaba ɗaya. Wanda ya rubuta cakin ma bai rubuta sunayensu daidai ba. Gwarzon da aka sayar a ranar shi ne Superman, mai shuɗin kaya da jar alkyabba, wanda yau da wuya a sami garin da ba a taɓa ganin tambarinsa a jikin rigar yaro ko jakar makaranta ba. Shi kansa cakin, da aka yi gwanjonsa a shekarar 2012, dala 160,000 aka saye shi.

Siegel da Shuster duk an haife su a 1914, kuma duk 'ya'yan Yahudawa ne 'yan ci-rani da suka baro Turai. An haifi Siegel a birnin Cleveland na jihar Ohio, shi kuma Shuster a Toronto ta ƙasar Kanada, daga baya iyayensa suka koma Cleveland. A makarantar sakandare ta Glenville suka haɗu. Dukansu masu jin kunya ne, masu sanya tabarau, waɗanda ba su da ta cewa a filin wasa, sai dai karance-karancen labaran ƙirƙira na kimiyya da kallon fim. Siegel ne mai rubutu, Shuster mai zane. Talauci ya sa wani lokaci Shuster kan yi zanensa a bayan takardar manna wa bango ko takardar naɗe kaya. A watan Yunin 1932 mahaifin Siegel ya rasu sakamakon bugun zuciya lokacin da ɓarayi suka shiga shagonsa na sayar da tufafi. Masu nazari da dama sun alaƙanta wannan rashi da ƙirƙirar mutumin da harsashi ba ya huda shi, ko da yake wannan fassara ce ta masu nazarin.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Superman na farko mugu ne. A watan Janairun 1933 samarin suka buga wani gajeren labari a 'yar mujallar da suke gurzawa da kansu. Labarin wani matalauci ne da wani masanin kimiyya ya ɗirka wa magani, ya sami ikon karanta zukatan mutane da juya su, ya kuma yi amfani da ikon wajen neman mulkin duniya. Shuster ya zana shi da sanƙo. Ba a jima ba Siegel ya ga cewa mai karatu ya fi son wanda zai goya wa baya, sai suka juya shi ya zama mai ceto. Siegel ya sha faɗin cewa sadaukan tsofaffin labarai irin su Samson da Hercules ne a ransa. Matsattsen kayan da aka sa masa, da gajeren wando a kan dogo, daga 'yan wasan nuna ƙarfi na dandalin nishaɗin wancan zamani aka ɗauko su. Sunan Clark Kent, wato sunansa na ɓoye, haɗi ne na sunayen 'yan fim biyu, Clark Gable da Kent Taylor.

Kusan shekara biyar suka yi suna yawo da labarin, kamfanonin da ke raba wa jaridu labaran zane suna mayar musu da shi. Burinsu shi ne shafin jarida, domin a lokacin can ne kuɗi da daraja suke. Mujallar labaran zane sabuwar aba ce da ba a ɗauke ta da muhimmanci ba. Da kamfanin Detective Comics, wanda ya zama DC na yau, ya buƙaci abin cike sabuwar mujallarsa mai suna Action Comics, sai edita Vin Sullivan ya karɓi labarin da kowa ya ƙi. Samarin suka yayyanka zanen da suka shirya don jarida, suka manna shi a tsarin shafin mujalla. Wannan ya sa labarin farko ya fara kamar daga tsakiya, ya kuma tsaya ba tare da ya ƙare ba.

Mujallar ta fito a watan Afrilun 1938, ɗauke da kwanan watan Yuni, a kan santi 10. A bangonta ga wani mutum ya ɗaga koriyar mota sama yana fyaɗa ta da dutse, mutane suna gudun ceton rai. An buga kwafi kusan 200,000. Kafin shekara ta zagayo Superman ya sami shafinsa a jaridu, daga Janairun 1939, sannan ya sami mujalla mai sunansa. Sauran kamfanoni suka yi ca, kowa na neman nasa mai alkyabba. Shi ma Batman, wanda ya fito a 1939, amsa ce ga buƙatar kamfanin na samun wani irinsa.

Gwarzon talakawa

Duk wanda ya saba da Superman mai ladabi da bin doka zai sha mamaki idan ya buɗe labaran shekarar farko. Amurka tana cikin mummunar karayar tattalin arzikin da ta faro a 1929, miliyoyin mutane ba su da aikin yi, kuma fushin wannan zamani yana cikin kowane shafi. A fitowar farko kaɗai, Superman ya ɓalle ƙofar ɗakin kwanan gwamna da tsakar dare don ya ceci wata mata da za a kashe bisa laifin da ba ta aikata ba, ya lallasa wani mutum mai dukan matarsa, ya ƙwato 'yar jarida Lois Lane daga hannun 'yan daba, sannan ya nufi Washington ya cafke wani dillali da ke saye 'yan majalisa. A fitowa ta uku ya rufe wani mai mahaƙar kwal tare da baƙinsa a cikin ramin da ya ƙi gyarawa, don ya ɗanɗana abin da leburorinsa ke ɗanɗana. A ta takwas ya rushe unguwar marasa galihu, bayan ya sa mazaunanta sun kwashe kayansu, domin ya tilasta wa gwamnati ta gina musu gidaje masu kyau. 'Yan sanda nemansa suke yi.

Ƙarfinsa ma yana da iyaka. Ba ya tashi sama, tsalle yake yi mai nisan kimanin mita 200. Yana tsere wa jirgin ƙasa, harsashi ba ya ratsa shi, amma babban makami zai iya yi masa rauni. Bayanin asalinsa kuwa shafi ɗaya tak aka ba shi: wata duniya mai nisa za ta tarwatse, wani masanin kimiyya ya sa jaririnsa a kumbo ya harbo shi zuwa tamu. A shafin jarida ne daga baya aka raɗa wa duniyar suna Krypton, aka kuma ba iyayen suna. Masu sharhi sun daɗe suna nuna kamannin wannan da labarin jaririn da aka sa a akwati aka jefa a kogi don ya tsira, wasu mutane suka tsince shi suka rene shi, wato ƙissar Annabi Musa (AS) wadda samarin biyu suka tashi suna ji a gida. Wasu kuma labarin ɗan ci-rani suke gani: baƙo ne da ya rasa ƙasarsa, ya ɗauki sunan mutanen gari, yana ɓoye asalinsa a ƙarƙashin kwat.

A ganina, dabarar da ta fi kowace riƙe labarin ita ce ta Clark Kent. Sadaukai masu ƙarfi sun cika tatsuniyoyin duniya, amma sadaukin da ke zuwa ofis da tabarau, ana raina shi, macen da yake so tana yi masa kallon matsoraci alhali tana mutuwar son ɗaya kamanninsa, wannan sabon abu ne. Duk yaron da aka taɓa rainawa ya gane saƙon.

Wannan zafin kai bai daɗe ba. Da kuɗi suka fara shigowa ta hanyar kayan wasan yara da tallace-tallace, sai kamfanin ya fara taka-tsantsan. Tun wajen 1940 edita Whitney Ellsworth ya kafa ƙa'idar cewa Superman ba ya kisa. Sannu a hankali wanda 'yan sanda ke farauta ya zama abokin aikinsu, azzaluman masu gidajen haya da masu mahaƙai suka ja baya, aka maye gurbinsu da mahaukatan masana kimiyya. Babbansu Lex Luthor ya bayyana a 1940, kuma da jan gashi ya fara fitowa kafin ya koma mai sanƙo.

Abin da rediyo ya ƙara

Abubuwa da yawa da ake ɗauka tushen labarin ne, ba a mujalla aka haife su ba. Shirin rediyon da aka fara a Fabrairun 1940, wanda Bud Collyer ya riƙa yin muryar gwarzon, shi ya kawo edita Perry White, ya raɗa wa yaron ofis Jimmy Olsen suna, kuma a 1943 ya gabatar da kryptonite, ɓarɓashin dutsen duniyarsa da ke karya masa lago. Sai a 1949 dutsen ya shiga mujalla. Tashi sama kuwa ya kafu ne da finafinan zane masu motsi da kamfanin Fleischer ya fara a 1941, domin masu zanen sun ga cewa mutum mai ta tsalle daga wuri zuwa wuri abin dariya ne a majigi.

A 1946 shirin rediyon ya yi wani abin da har yau ake tunawa. Cikin kashi 16 Superman ya fafata da wata ƙungiyar masu rufe fuska da ƙona gicciye, wadda kowa ya gane Ku Klux Klan ake nufi, ƙungiyar nan ta fararen fata masu ƙin baƙaƙe da baƙi. Wani ɗan gwagwarmaya mai suna Stetson Kennedy, wanda ya yi bincike a kan ƙungiyar, yana da hannu wajen samar wa shirin bayanai. Labarin ya nuna 'yan ƙungiyar suna gallaza wa wani iyali 'yan asalin Sin, ya kuma fallasa jagoransu a matsayin ɗan kasuwa mai cin riba da ƙiyayyar wawaye. Ana muhawara a kan girman illar da shirin ya yi wa ƙungiyar, amma a ce shirin yara na ƙasa baki ɗaya ya yi wannan a Amurkar da ake ware baƙar fata a makaranta da mota, ba ƙaramin abu ba ne.

Yaƙin duniya na biyu ya jefa marubutan cikin tsaka mai wuya. Mutumin da zai iya gama yaƙi a yini ɗaya, me zai hana shi? A Fabrairun 1940, kafin Amurka ta shiga yaƙin, Siegel da Shuster sun yi wa mujallar Look wani labari mai shafi biyu inda Superman ya ɗauko Hitler da Stalin ya kai su gaban Majalisar Ƙawancen Ƙasashe a Geneva. Jaridar rundunar SS ta Jamus ta mayar da martani da zagin Siegel saboda Bayahude ne. Da Amurka ta shiga yaƙin, sai aka nemo mafita mai ban dariya: Clark Kent ya je gwajin shiga soja, idonsa mai ratsa bango ya karanto allon gwajin ido na ɗakin da ke maƙwabtaka, likita ya ce bai gani sosai. Haka ya zauna a gida yana tallata takardun lamunin yaƙi.

Rigimar mallaka

Siegel da Shuster ba su kasance matalauta a shekarun farko ba. Kamfanin yana biyan su albashi mai kyau a ma'aunin lokacin, har suka buɗe ɗakin zane a Cleveland suka ɗauki ma'aikata. Sai dai suna kallon miliyoyi na wucewa ta gabansu. Abin ya ƙara tsami lokacin da Siegel yake aikin soja, kamfanin ya fitar da labarin Superboy, wato ƙuruciyar gwarzon, wanda shi Siegel ne ya taɓa kawo shawararsa aka ƙi. A 1947 suka kai ƙara. Kotu ta ce Superman na kamfani ne, Superboy kuma na Siegel. A 1948 aka sasanta a kan kimanin dala 94,000, suka sallama komai. Kamfanin ya kore su, ya kuma goge sunayensu daga mujallar.

Daga nan rayuwa ta juya musu baya. Idon Shuster ya yi ta raguwa har zane ya gagare shi, ya koma aikin kai saƙo. Siegel ya komo kamfanin a 1959 yana rubuta labaran gwarzon da ya ƙirƙira, a matsayin ɗan ƙwadago, ba tare da an sa sunansa ba, kafin wata sabuwar shari'a ta sake raba su. Daga ƙarshe ya zama akawu mai buga tafireta a California. Abin lura shi ne, kamfanin da ya sayi haƙƙin a kan dala 130 bai yi wasa da kare shi ba: ya ja kamfanin Fawcett a kotu sama da shekara goma bisa zargin cewa gwarzonsa Captain Marvel kwaikwayo ne, har Fawcett ya haƙura ya daina buga shi a 1953.

A 1975, da aka sanar da cewa za a kashe miliyoyin daloli a yi babban fim na Superman, Siegel ya rubuta doguwar takardar koke ya raba wa 'yan jarida. Masu zane biyu, Neal Adams da Jerry Robinson, suka ɗauki maganar suka kai ta gidajen talabijin. Kamfanin Warner, wanda ya mallaki DC a lokacin, ba ya son wannan abin kunya ya rataya a wuyan fim ɗinsa. A watan Disamba ya amince zai riƙa biyan kowannensu dala 20,000 a shekara har ƙarshen rayuwa, da kuɗin asibiti, tare da mayar da sunayensu a kan duk abin da ya shafi gwarzon. Da fim ɗin ya fito a 1978, wanda Richard Donner ya ba da umarni, Christopher Reeve ya fito a matsayin jarumi, sunayen nan biyu sun bayyana a majigi. Marlon Brando, wanda ya fito a matsayin mahaifin gwarzon na 'yan mintuna, dala miliyan 3.7 aka biya shi, ban da kason riba.

Sauye-sauyen baya

A tsakanin wannan lokaci gwarzon ya yi ta sauya kamanni. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya zargi mujallun zane da lalata tarbiyyar yara, Majalisar Dattawa ta yi zama a kai, kamfanoni suka kafa hukumar tace kansu. Superman na wannan zamani, ƙarƙashin edita Mort Weisinger, ya zama uban gida mai tarin dangi: ga kare mai tashi sama, ga 'yar baffa Supergirl da ta zo a 1959, ga kryptonite kala-kala. Ƙarfinsa ya kai yana tura duniyoyi daga mazauninsu, kuma nan matsala ta taso, domin wanda ba abin da ke gagararsa da wuya a tsorata mai karatu a kansa. Tun daga lokacin, duk bayan 'yan shekaru sai an rage masa ƙarfi, ya sake kumbura.

Wata fitowa ta 1978 ta cancanci ambato. An haɗa shi dambe da Muhammad Ali a wata duniya mai jar rana, inda ƙarfinsa ba ya aiki, kuma Ali ya lakaɗa masa duka. Neal Adams ne ya zana.

A 1986 John Byrne ya sake labarin daga tushe. Ya bar iyayen riƙonsa manoma a raye, ya mayar da Clark Kent ainihin mutumin, alkyabbar kuma kayan aiki, Luthor ya koma hamshaƙin attajirin da doka ba ta iya taɓawa. A ƙarshen 1992 aka kashe Superman a hannun wani dodo mai suna Doomsday, labarin ya shiga kanun jaridu, aka sayar da miliyoyin kwafi, mutane suna saye suna adanawa da zaton za su yi tsada. Kafin shekara ya dawo. Shuster bai ga wannan ba, ya rasu a Yulin 1992. Siegel ya bi shi a Janairun 1996, shekarar da aka ɗaura auren Clark da Lois bayan shekara 58 ana jan rai.

Tambayar da ta fi damun marubuta a wannan ƙarni ita ce, shin na Amurka ne ko na duniya? A 2011 wani gajeren labari ya nuna shi yana cewa zai ajiye shaidar zama ɗan Amurka, domin ya gaji da a riƙa ɗaukar ayyukansa a matsayin manufar gwamnati, abin da ya tayar da ƙura. A 2013 fim ɗin Zack Snyder ya sa ya kashe abokin gaba, masoya suka rabu biyu. A 2021 kamfanin ya cire ambaton tafarkin Amurka daga kirarinsa. Da James Gunn ya fitar da sabon fim a Yulin 2025, ya kuma bayyana shi a matsayin labarin ɗan ci-rani, masu ra'ayin riƙau sun yi masa ca, alhali haka labarin yake tun shafinsa na farko.

Najeriya ma ta sami nata rabon. A 1975 aka fara buga mujallar Powerman domin kasuwar ƙasar nan, da baƙin gwarzo mai ƙarfi da tashi sama, saboda masu shirin sun ga cewa duk jaruman da ke shigowa farare ne. Turawan Ingila biyu, Dave Gibbons da Brian Bolland, waɗanda daga baya suka yi suna a duniya, su suka zana ta. A 2013 Jide Martin ya kafa kamfanin Comic Republic a Legas, da gwarzonsa Guardian Prime mai sanye da kore da fari.

Rigimar mallaka kuwa ba ta bi Siegel da Shuster kabari ba. Dokar Amurka ta 1976 ta ba marubuta da magadansu damar karɓe haƙƙin da aka sayar bayan wasu shekaru, kuma iyalan biyu sun gwada. A 2008 wata kotun tarayya ta ba magadan Siegel kaso a labarin farko, amma a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta ce yarjejeniyar da suka cimma da kamfanin a 2001 ta ɗaure su. Magadan Shuster ma sun sha kaye saboda wata takarda da 'yar uwarsa ta sa wa hannu a 1992.

Abin da kotu ta hana, lokaci zai bayar, amma ga kowa da kowa. Ayyukan da aka buga a Amurka a wancan zamani suna da kariyar shekara 95, don haka daga ranar 1 ga Janairun 2034 labarin Action Comics na farko zai fita daga mallakar kamfani, kamar yadda Mickey Mouse na farko ya fita a 2024. Wanda zai fita ɗin shi ne na 1938, mai tsalle, mai ɓalle ƙofar gwamna. Tashi sama, da kryptonite, da Luthor, kowanne zai jira cikar nasa wa'adin, tambarin kasuwanci kuma zai ci gaba da zama a hannun kamfanin muddin yana amfani da shi. Daga cikin kwafi 200,000 da aka buga a wancan Afrilu, kimanin 100 ake jin sun rage. A watan Afrilun 2024 an sayar da ɗaya daga cikinsu a gwanjo a kan dala miliyan 6.